Tenzing Norgay, Ɗan Alaron Da Ya Taka Kan Dutsen Eberest

In kun buɗe taswirar nahiyar Asiya, kuka dubi arewacin ƙasar Indiya, za ku ga wani dogon jerin duwatsu ya miƙe daga yamma zuwa gabas kamar ganuwa. Sunan waɗannan duwatsu Himalaya. A cikinsu ne dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a duniya ya ke, daidai kan iyakar Nefal da Tibet. Turawa suna kiransa Eberest, da sunan wani Baturen awon ƙasa da ya yi aiki a Indiya, amma mutanen da ke zaune a gindinsa Comolungma su ke ce da shi tun kaka da kakanni. Bisa ga awon da aka bayyana cikin shekarar 2020, tsawonsa mita 8,849 ne in an fara ƙirga daga fuskar teku. Don ku gane irin wannan tsawo, ku tuna dutsen Cappal Waddi na Jihar Taraba, wanda babu kamarsa a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ko an ɗora irinsa uku, wani bisa wani, ba su kai kan Eberest ba.

Hawan dutse irin wannan ba aikin yini guda ba ne, ba kuwa na mako guda ba. Akwai sanyi wanda kan daskarar da yatsun mutum har su mutu, sai an yanke. Akwai guguwa mai iya tumɓuke tanti da mutanen da ke ciki. Amma babban abin tsoro shi ne ƙarancin iska. A cikin iskar da mu ke shaƙa akwai wani sinadari da a ke kira oksijin, shi ne jiki ke rayuwa da shi. Yadda duk mutum ya ƙara yin sama, haka iska ke ƙara tsinkewa, har a kan Eberest in ya ja numfashi sau ɗaya ba ya samun fiye da sulusin abin da ya kan samu a bakin teku. Sai kansa ya yi ta ciwo, abinci ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa, hankalinsa ya dushe, in ya yi taku biyu uku sai ya tsaya yana haki kamar wanda ya yi tseren mil guda. Saboda haka masu hawa ba su yin gaggawa. Su kan hau kaɗan, su kwana, su sauko, su sake hawa, har jininsu ya saba.

A kwarurukan da ke kudu da dutsen, a wani yanki na Nefal mai suna Kumbu, akwai wata ƙabila da a ke kira Sherpa. Kakanninsu daga Tibet suka ƙauro, ma'anar sunan kuwa mutanen gabas. Suna noman dankali da sha'ir, suna kuma kiwon wani irin sa mai dogon gashi da a ke kira yak, wanda su ke shan nononsa, su saƙa gashinsa, su yi masa laftu, su kuma hura wuta da kashinsa. Da ya ke a can sama aka haife su, jikinsu ya saba da ƙarancin iska. Amma a da ba su hawa kawunan duwatsu don sha'awa, gama a addininsu, watau addinin Buda irin na Tibet, wurare ne masu tsarki.

A cikin waɗannan mutane Tenzing ya girma, a wani ƙauye mai suna Tame. An haife shi cikin shekarar 1914. Iyayensa ba su rubuta ranar ba, don ba su da karatu, sai dai sun riƙe cewa wajen ƙarshen watan Mayu ne. Ubansa makiyayin yak ne, matalauci. Su goma sha uku aka haifa, shi ne na goma sha ɗaya, da yawa daga cikinsu kuwa tun suna ƙanana suka mutu. Da fari sunansa Namgyal Wangdi, sai wani babban malamin addininsu ya ba da shawara a sake masa suna, aka sa masa Tenzing Norgay, watau mai bin addini, mai arziki. An taɓa kai shi gidan ibada na Tengboce don ya zama malami, amma zaman bai karɓe shi ba, ya komo gida ya ci gaba da kiwo. Yana yaro ya kan kora dabbobin ubansa har inda ciyawa ta ƙare, ya zauna yana kallon Comolungma, yana jin labarin waɗansu Turawa da ke zuwa ta wajen Tibet suna neman hawansa, da Sherpawan da ke ɗaukar musu kaya.

Turawan Ingila sun fara zuwa dutsen a 1921. A shekarar da ta biyo, dusar ƙanƙara ta zabtaro ta binne masu ɗaukar kaya bakwai. A 1924 kuma waɗansu Turawa biyu, George Mallory da Andrew Irvine, suka nufi kan dutsen, gajimare ya rufe su, ba su komo ba. Sai a 1999 aka tsinci gawar Mallory. Duk wannan bai sa yaron nan ya ji tsoro ba. Sau biyu yana gudu daga gida. Na fari ya tafi Katmandu, babban birnin Nefal, ya komo. Na biyu, yana da shekara wajen goma sha tara, ya bi waɗansu samari a ƙasa har Darjilin, wani gari mai gonakin shayi a arewacin Indiya, domin a can ne Turawa ke ɗibar 'yan alaro in za su tafi dutse.

Zaman Darjilin bai zo masa da sauƙi ba. Duk wanda za a ɗauka sai an tambaye shi takardar shaida ta tafiyar da ya taɓa yi, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Ya yi ta aikin ƙodago iri iri don ya ci abinci. Sai a 1935, wani Bature mai suna Eric Shipton ya zo neman mutane. Ya riga ya zaɓi tsofaffin hannu, saura gurbi kaɗan, sai ya ga wani saurayi a tsaye cikin taro yana murmushi, haƙoransa farare tas, ya ce a sa shi. Murmushin nan ne ya buɗe wa Tenzing ƙofa. A wancan zamani Nefal ba ta barin baƙi su shiga, saboda haka sai an zaga ta Tibet, tafiyar makonni cikin wani fili mai tsawo, mai iska da ƙura, kafin a iso gindin dutsen ta arewa. Ya tafi a 1935, ya koma a 1936, ya sake komawa a 1938. A wannan karo na uku ya kai kaya har zangon da ke wajen mita 8,290, aka ba shi wata lamba da a ke kira lambar Damisa, wadda a ke ba 'yan alaron da suka fi kowa ƙwazo.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, hawan dutse ya tsaya. Tenzing ya kwashi iyalinsa ya tafi Citral, wadda yau ta ke cikin Pakistan, ya yi wa wani hafsan soja barantaka. Shekarun nan sun yi masa ɗaci. Ɗansa na fari ya mutu yana da shekara huɗu, matarsa Dawa Phuti kuma ta rasu a can, ta bar masa 'yan mata biyu ƙanana, Pem Pem da Nima. Ya komo Darjilin, ya auri wata mace mai haƙuri, Ang Lahmu, wadda ta riƙe yaran kamar ita ta haife su.

A 1947 wani mutum ya zo masa da wata shawara mai kama da wauta. Sunansa Earl Denman, haifaffen Kanada, ba shi da kuɗin kirki, ba shi da kayan kirki, ba shi kuma da izinin shiga Tibet, amma yana so ya hau Eberest shi kaɗai. Kowa ya san abin ba zai yiwu ba, Tenzing ma ya sani. Duk da haka ya yarda, don ya daɗe bai ga dutsen ba. Su uku suka saci hanya suka shiga Tibet, suka hau har wajen mita 6,700, guguwa ta kore su, suka komo da rai. Da za su rabu, Denman ya ba shi wata hular ulu mai rufe kunnuwa da wuya. Ku riƙe zancen hular nan, za mu sake gamuwa da ita. A cikin shekarar nan dai ya bi waɗansu mutanen Suwizalan zuwa wani dutse a Indiya. Shugaban 'yan alaronsu ya faɗi ya ji mummunan ciwo, Tenzing ya yi ta maza wajen ceto shi, sai aka naɗa shi a madadinsa. Tun daga ran nan ya zama madugu, shi ke zaɓen mutane, ya raba kaya, ya sasanta rigima, ya tsaya tsakanin Turawa da 'yan'uwansa.

Wajen 1950 al'amura suka juya. Sojan Sin suka shiga Tibet, hanyar arewa ta toshe, Nefal kuwa ta buɗe ƙofarta. A 1952 mutanen Suwizalan suka sami izinin gwadawa ta kudu, suka ɗauki Tenzing madugu, suka kuma sa shi cikin masu hawa, daidai da kowane Bature. Ba a taɓa yi masa haka ba, bai kuwa manta ba har ya mutu. A nan ya ƙulla abota da wani ƙaƙƙarfan mutum mai suna Raymond Lambert, wanda sanyi ya riga ya cinye masa yatsun ƙafa duka tun shekaru da suka wuce. Ba su jin harshen juna sosai, amma sun fahimci juna. Su biyu suka kwana a wani ɗan tanti a wajen mita 8,400, ba abin rufa, ba risho, sai kyandir guda da suka riƙa narkar da ƙanƙara a kansa don su jiƙa maƙogwaro. Dare farai suna bubbuga juna don kada barci ya ɗauke su su daskare. Da gari ya waye, ran 28 ga Mayu, suka ja jiki suka hau, wani lokaci har da rarrafe, suka kai wajen mita 8,595, inda ba a san wani ɗan Adam ya taɓa kai ba. Saura kaɗan, amma ƙarfinsu ya ƙare, yanayi kuma ya ɓaci, suka juyo. Da kaka suka sake komawa, ƙanƙara ta faɗo ta kashe wani Basherpe mai suna Mingma Dorje, sanyin hunturu kuma ya kore su. Lambert ya cire jan ƙyallen da ya ke naɗawa a wuya ya ba abokinsa.

Tenzing ya komo gida a rame, zazzaɓi ya kwantar da shi har asibiti. Yana cikin jinya sai ga takarda daga Ingila, ana neman ya zama madugun wata tafiya a 1953. Ang Lahmu ba ta so ba, ta ga mutum bai gama warkewa ba, ga shi ya hau dutsen nan sau biyu cikin shekara guda. Shi ma da son ransa ne, da Lambert ya so ya ƙarasa aikin. Amma shekarunsa sun kusa arba'in, ya san in wannan ta wuce shi, da wuya ya sami wata. Ya karɓa, bisa sharaɗin za a sa shi cikin masu hawa. Zuwansa na bakwai ke nan.

Shugaban tafiyar wani hafsan soja ne, Kanar John Hunt, mutum mai tsari. A cikin mutanensa akwai wani dogo daga Niyu Zilan, Edmund Hillary, wanda sana'arsa kiwon zuma ce. Tun a Katmandu aka fara samun saɓani, don an sauki Turawa a cikin gida, Sherpawa kuwa aka ba su garejin mota su kwana a ƙasa. Ransu ya ɓaci ƙwarai, Tenzing ne ya sha wahalar lallashinsu. Ran 10 ga Maris ayari ya tashi. Babu hanyar mota, saboda haka kome a ka ko a baya aka ɗauke shi: tantuna, igiyoyi, tsani, abinci, kananzir, da tukwanen ƙarfe cike da oksijin. 'Yan alaro sun fi 350, maza da mata, kowa da kaya wajen kilo 27, ya rataya da wata ɗamara a goshi.

Ku dubi yadda ƙasar ta ke. Kogunan Nefal daga arewa su ke gangarowa zuwa kudu, ayarin kuwa gabas ya nufa. Ashe ke nan kullum sai sun gicciye su. Su hau tudu tun safe har rana ta take, su gangara har bakin kogi, su ƙetare ta kan wata gada ta sarƙa da katako mai lilo, sa'an nan su sake fuskantar wani tudun da ya fi na jiya. A kwari zafi, a kan tudu sanyi. Suka ratsa gonakin da aka sassaƙa a jikin tsauni kamar matakala, da dazuzzuka masu jajayen furanni, suka yi ta yada zango suna tashi har kwana 17, suka wuce kasuwar Namce, suka iso Tengboce, gidan ibadan nan da Tenzing ya bari yana yaro. Tsawon wurin ya kusa mita 3,900. A nan aka sallami 'yan alaron kwari, don ba su da tufafin sanyi, aka ɗauki mutanen Kumbu. Aka yi wajen mako uku ana hawan ƙananan duwatsu na kewaye ana saukowa, don jiki ya saba. Likitan da ke binciken lafiyarsu, Griffith Pugh, ya matsa musu su riƙa shan ruwa da yawa, gama ya lura ƙishirwa na cikin abin da ya karya mutanen Suwizalan. A can sama kuwa ruwa ba ya samuwa sai an narkar da ƙanƙara a kan risho, aikin da ke cin sa'o'i.

Cikin watan Afrilu suka kafa babban sansani a bisa wani kogin ƙanƙara, sama da mita 5,000. Kogin ƙanƙara kamar kogi ya ke, sai dai daskararre ne, yana tafiya a hankali yadda ido ba ya gani. Gaba kaɗan da sansanin, kogin nan ya gangaro ta wani wuri mai tsayi, ya farfashe ya zama gumakan ƙanƙara, waɗansu sun kai girman soro, da tsagogi masu zurfi waɗanda ba a ganin ƙarshensu. Ba a san sa'ad da wani gunki zai rushe ba. Ta nan ne kaɗai hanya, ta nan kuwa Sherpawa suka yi ta kai da kawowa da kaya a baya, kwana da kwanaki, suna ƙetare tsagogi a kan tsani da gungumen itace. Wata rana Hillary da Tenzing suna saukowa, igiya ɗaya ta haɗa su, sai Hillary ya yi tsalle ya dira a bakin wata tsaga, bakin ya karye, ya tafi da shi ciki. Nan take Tenzing ya kafa gatarinsa cikin ƙanƙara, ya naɗe igiyar a jikinsa, ya tokare. Igiya ta miƙe, Hillary ya tsaya yana reto, ya fito lafiya. Daga ran nan Hillary ya san wanda ya ke so ya hau tare da shi.

Bayan sun wuce wannan wuri, suka bi wani dogon kwari mai farin ƙanƙara, inda rana ke ƙuna da tsakar rana, dare kuwa ya yi sanyi mai ratsa ƙashi. Suka riƙa kafa zango bayan zango, kowane sama da na baya. Sai suka ci karo da wani bango na ƙanƙara a jikin dutsen Lotse, maƙwabcin Eberest, wanda ya tsare su kwanaki har Hunt ya fara jin tsoron damina za ta riske su. Dole ne a kai kaya bisa wani wuri mai kama da sirdi tsakanin duwatsun biyu, wajen mita 7,900, in ba haka ba tafiya ta lalace. Sherpawa suka gaji, gwiwarsu ta yi sanyi. Sai Tenzing da Hillary suka hau suka iske su, Tenzing ya yi ta ba su magana cikin harshensu, kashegari suka wuce gaba suna sara matakai, mutum fiye da goma suka biyo su da kaya har bisa sirdin.

Ba su ne aka fara aikawa ba. Ran 26 ga Mayu, Tom Bourdillon da Charles Evans suka tashi, suka kai wani ƙololo da ke kudu, saura kamar mita 100 su kai, amma na'urar numfashinsu ta yi ta ba su wahala, lokaci kuma ya ƙure, suka juyo a galabaice. Ran 28 ga wata, mutum uku, George Lowe da Alfred Gregory da Ang Nyima, suka raka Hillary da Tenzing da kaya har wajen mita 8,500, suka sauke, suka koma. Su biyu suka yi sa'o'i suna fafe ƙanƙara don su sami inda za su kafa tanti, duk da haka wurin bai daidaita ba, rabi sama rabi ƙasa. Suka ci kifin gwangwani da biskit da dabino, suka sha ruwan lemo mai zafi da sukari kofi bayan kofi. Da asuba, sama ta yi garau, Tenzing ya leƙa waje ya nuna wa Hillary gidan ibadan Tengboce can ƙasa, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero. Hillary ya yi kuskure ya tuɓe takalmansa da dare, suka daskare kamar itace, sai da aka yi sa'a biyu ana gasa su a kan risho. Tenzing kuwa da nasa ya kwana.

Da ƙarfe 6:30 na safiyar 29 ga Mayu, 1953, suka fita, kowa da tukwanen oksijin a baya. Tenzing yana sanye da hular Denman, da jan ƙyallen Lambert a wuya, da safar da Ang Lahmu ta saƙa masa. Da ƙarfe 9 suka kai ƙololon kudu. Daga nan hanya ta zama siririya kamar bakin wuƙa, hagu rami, dama rami, kowane zurfinsa dubban mita. Ɗaya ya tsaya ya riƙe igiya, ɗaya ya yi gaba yana sara matakai. Can Hillary ya ga abokinsa yana numfashi da kyar, ya duba, ashe ƙanƙara ce ta toshe masa bututu, ya fasa ta, ya duba nasa ya ga shi ma haka. Sai ga wani dutse ya tare hanya, tsayinsa kamar mita 12, sumul, ba wurin kamawa. Hillary ya ga wata 'yar tsaga tsakanin dutsen da ƙanƙarar da ta manne masa, ya cusa jikinsa ciki, ya riƙa tokarawa da baya da ƙafa yana turawa sama har ya fita, Tenzing ya biyo. Suka yi ta haye tudu bayan tudu, kowane suna tsammani shi ne na ƙarshe. Da ƙarfe 11:30 sai suka ga babu sauran abin hawa, ƙasar Tibet ta shimfiɗu a gabansu.

Hillary ya miƙa hannu irin gaisuwar Turawa, Tenzing kuwa ya rungume shi yana bubbuga bayansa. Ya ɗaga gatarinsa, wanda ya ɗaura wa tutoci huɗu, ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ta Ingila, da ta Nefal, da ta Indiya, Hillary ya ɗauke shi hoto. Shi Hillary ba a ɗauke shi ba, saboda haka hoton nan da duniya duka ta sani na Tenzing ne shi kaɗai. Ya tona ɗan rami ya binne alewa da cakulan, sadaka ga dutsen bisa al'adar mutanensa, tare da wani guntun fensir da 'yarsa Nima ta ba shi. Hillary kuma ya binne wani ƙaramin gicciye da Hunt ya danƙa masa. Suka duba ko za su ga wata alamar Mallory da Irvine, ba su ga kome ba. Minti 15 kaɗai suka yi, gama oksijin yana ƙarewa, ga kuma saukowa, wadda sau da yawa ta fi hawa hatsari.

Labari ya bazu a Landan ran 2 ga Yuni, ranar da aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta Biyu, murna ta zama biyu. Amma a Nefal wata fitina ta jira su. Mutane suka tare su a hanya suna kirari, waɗansu suna cewa Tenzing ne ya fara takawa, har aka zana hotuna ana nuna shi yana jan Hillary da igiya. Aka kewaye shi da takardu ya sa hannu, alhali bai iya karatu ba, bai san abin da ke ciki ba. Nefal ta ce nata ne, Indiya ta ce nata ne. Don a kashe wutar, suka sa hannu a wata takarda su biyu cewa kusan tare suka isa. Sai a 1955, cikin littafin tarihinsa da wani marubuci ɗan Amurka ya taya shi rubutawa, Tenzing ya faɗi abin da ya faru: Hillary ne ya fara sa ƙafa, shi kuma ya biyo shi da 'yan taku kaɗan. Ba wanda ya tilasta masa, da ya yi shiru ma jama'arsa sun fi so. A ganina wannan magana ba ta fi hawan dutsen sauƙi ba.

Hunt da Hillary aka ba su sarautar Sir, Tenzing kuwa aka ba shi lambar George, wadda ba ta kai waccan daraja ba, mutane da yawa har yau suna ganin ba a kyauta masa ba. Firayim Ministan Indiya, Jawaharlal Nehru, ya jawo shi a jiki, har ya ba shi tufafinsa na kansa sa'ad da zai tafi Landan. A 1954 aka buɗe makarantar koyon hawan dutse a Darjilin, aka sa Tenzing shugaban horarwa, ya yi shekara fiye da ashirin yana koya wa samari yadda a ke ɗaura igiya da sara mataki da ceton wanda ya faɗi. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba, ga shi yana jin harsuna da dama, ya kuma zaga ƙasashe da yawa ana karɓarsa da girma. Bai sake hawa Eberest ba. Ya ƙara aure, ya sami waɗansu 'ya'ya, ya sa su makaranta duka, don ba ya so su ɗauki kayan kowa a baya kamar yadda ya ɗauka.

Da tsufa ya zo, ya bar aikin makarantar, zama ya yi masa shiru, lafiya kuma ta ja baya. Ya rasu a Darjilin ran 9 ga Mayu, 1986, yana da shekara 71. Hillary, wanda a lokacin shi ne jakadan Niyu Zilan a Indiya, ya zo jana'izarsa. Bayan shekara goma, a 1996, ɗansa Jamling ya hau kan Eberest ta hanyar da ubansa ya bi. A 2008 kuma aka sa wa ƙaramin filin jirgin sama na Lukla sunan Tenzing da Hillary. A nan ne yawancin masu zuwa gindin dutsen ke sauka, sa'an nan su kama hanya a ƙasa, su bi ta Namce da Tengboce.